Abin da Na Gaya wa Ƙudan Zuman Nora

A filin jirgin Istanbul aka karɓe mini zumar kakana, Baba Tsoho. A gorar roba ya ɗura mini ita, ya rufe bakin da leda ya ɗaure da zare, ni kuma na sa ta a jakar hannu don kada ta fashe cikin kaya. Matar da ke duba jakunkuna ta ɗaga gorar ta juya ta. Zumar ta gangaro a hankali, baƙa, da ɗan guntun saƙa a ciki. Ta faɗi wata magana da ban ji ba, ta jefa ta a wani babban kwando. Na tsaya ina kallon kwandon har Hajiya Mairo ta ja bakin hijabina.

"Ke, wuce mana. Inda za ki har a kanti ake jera ta."

Hajiya Mairo ba 'yar'uwarmu ba ce. 'Yar kasuwa ce mai kai atamfa da turaren wuta Turai, aka roƙe ta ta riƙo hannuna tun daga Abuja. A can ma ta buɗe akwatina a gaban mutane ta ce ya yi nauyi. Ta fitar da littattafaina na makaranta duka, da ƙullin kuka da daddawar da Inna ta ba ni, ta miƙa wa direbanta ta ce za a aiko mini daga baya. Gurbin da suka bari ta cika shi da turamen atamfarta. Na lura akwatin ya fi ɗazu nauyi. Har yau ba a aiko littattafan ba.

Sunana Zulai. Shekarata goma sha biyar a lokacin. Ƙauyenmu yana kusa da Janfalan, kuma na gama aji huɗu na sakandare a Ikara. Wadda zan je wurinta ƙanwar babana ce, Anti Bilki. Gwaggo ya kamata in ce, amma ta hana, wai sunan yana tsofar da ita. Ita aka ba riƙona tun ina ƙarama, kafin ta yi aure su tafi Ireland. Da takarduna suka fito ta yi wa Baba alkawari ɗaya a waya, ina zaune ina ji: "Yaya, karatu za ta yi. Karatun da ni ban samu da wuri ba."

A Dublin Hajiya ta kwashe turamenta a bakin titi, ta kai ni wurin wata doguwar bas, ta rubuta sunan garin Anti a bayan tikitin. Ta ce ita nan ta tsaya. Tafiyar ta kai awa huɗu. Ana ta yayyafi, irin wanda a wurinmu ba a fasa zuwa gona dominsa, sai dai nasu ba ya ɗaukewa. Ko'ina kore ne shar, amma ban ga dawa ko masara ko rake ba, sai ciyawa da katangun dutse da tumaki, kowace da shafin fenti a gadon baya. Matar da ke kusa da ni ta fiddo ƙaramin lemo ta ɓare shi da yatsa, ɓawon ya fita kamar riga. Ta raba biyu ta miƙo mini ba tare da ta dube ni ba. Babu ƙwallo ko ɗaya a ciki. Na tuna mai lemon kasuwar Hunkuyi da yake fere shi da reza, ɓawon ya sauko dogo bai tsinke ba, ya yanke kan a tsotsa. Na so in yi mata godiya, kalmar tana bakina, har ta sauka ban faɗa ba.

Anti ta tare ni a tasha da 'yarta Amira a keken jarirai. Ta rungume ni ta yi kuka, ta ce na yi kama da Inna. Ta rame fiye da yadda take a hoto. Mijinta yana Ingila yana aiki, sai wata-wata yake zuwa. Ita kuma tana aiki a gidan kula da tsofaffi, tana fita da safe ta dawo bayan la'asar ƙafafunta a kumbure.

Satin farko ta ce makarantu sun cika, sai bayan hutun rabin zango. Bayan hutun ta ce akwai wata takarda da ba ta iso ba. Daga nan sai ta daina cewa komai, ni ma na daina kallonta da tambayar. Abin da ta koya mini da kyau shi ne yadda ake kunna hita, yadda ake haɗa madarar Amira, da amsar da zan bayar.

"Duk wanda ya tambaye ki, shekararki sha takwas, kin gama makaranta, ziyara kika zo. Maimaita."

Na maimaita.

"Kuma kada ki fita ta ƙofar gaba kafin ƙarfe huɗu. Mutanen nan ba su da aiki sai sa ido."

Tagar ɗakina tana kallon titi. Ƙarfe takwas da rabi 'yan mata suke wucewa da koren suwaita da siket mai ratsi. Na san su da jakunkunansu. Akwai mai jan gashi da kullum take gudu tana cin burodi. Akwai biyu da suka ɓata a watan Oktoba suka riƙa bin gefe daban-daban, suka shirya a Nuwamba. Akwai wata mai ɗan kwali, ina jin 'yar Sudan ce. Ran Juma'a Anti takan kira gida ta ba ni wayar, ta tsaya tana ninke wanki a kusa. Baba ya ce, "Zulai, ya karatu?" In ce, "Alhamdulillahi, Baba."

Ƙofar baya ba a hana ni ba. Tana buɗewa kan ɗan fili mai igiyar shanya, da shingen itatuwa tsakaninmu da maƙwabta. Ta ƙarƙashin shingen nan wata kyanwa take shigowa, baƙa wuluk, ƙafafunta huɗu farare. Na sa mata suna Mai Safa. Na yi mata "mus-mus" har na gaji, ko kunne ba ta kaɗa ba. Amma da wata murya ta kira ta daga bayan shingen da Turanci, sai ta miƙe ta tafi.

Mai muryar ita ce maƙwabciyarmu Nora. Ranar wata Lahadi ta ƙwanƙwasa mana ƙofa, tsohuwa gajera mai farin gashi, da takalmin roba irin na masu noman fadama, riƙe da kwalbar zuma. Tana magana da sauri. A lokacin rabi nake kamawa, sauran na cike daga baya.

"Rabonku ne," ta ce wa Anti. "Ba kyauta ba ce, kada ki yi mini godiya. A dokar mutanenmu na da, ƙudan zuma kamar shanu suke, kiwo suke zuwa filin maƙwabci. Saboda haka maƙwabta huɗu na kusa suna da rabo. Babu mai bin dokar yanzu sai ni, kuma nawa sun yi wata uku suna cin furen shingenki."

Na tuna Baba Tsoho, kakana, wanda yake rataya amyarsa a kan ɗorawar mutane. In ya sha zuma, mai bishiyar ake fara kai wa nasa a ƙwarya. Anti ta karɓa tana murmushi, ta rufe ƙofa ta ce, "Kada ki saba da ita."

Sanyi ya shigo, rana ta riƙa faɗuwa tun ƙarfe huɗu da rabi. Mura ta kama ni. Ina shanya ina tari, Amira a bayana, sai ga hannu ta saman shingen da kofi yana tururi. Ruwan zafi ne da zuma da yankan lemon tsami an soka masa kanumfari.

"Shanye," in ji Nora. "Kakana matuƙin jirgin ruwa ne. Ya ce kafin a gane lemon tsami, haƙoran mutane zubewa suke yi a teku. Ke kuma wane irin ɗauri kika yi wa yarinyar nan da ba ta faɗowa? Zagayo ki nuna mini."

Haka na fara shiga kicin ɗinta, in Anti ta fita, in dawo kafin uku. Na koya mata goyo da zanina, ta gwada da matashin kai, ya faɗi sau uku. Ba ta damu da shiruna ba, don ita maganarta ta ishi mutum biyu. Ta ba ni labarin wani malamin coci na da can da ya yi kiwon zuma a wata ƙasa, da zai dawo gida ƙudan suka bi shi suka lafe a jirgin ruwansa. Ya mai da su, suka sake biyo shi, har sau uku, sai aka ce ya tafi da su. Wai ta haka zuma ta shigo ƙasar. Ta ba ni na wata baiwar Allah da ɓarayin shanu suka shigo garinsu, ta buɗe amyarta ta sake musu ƙudan, suka watsar da shanun suka gudu. Wannan na so in kai wa mutanen Taba, wani ƙauye a wajenmu da ɓarayin shanu suka dama. Ta nuna mini wata bishiyar ƙaya ita kaɗai a tsakiyar gonar da ke bayan gidanta. Ta ce mai gonar yana kewaye ta da tarakta, ba ya taɓa ko reshe, saboda masu ita. Ban tambayi su wane ne ba. Muna da tsamiya irinta a hanyar rafi.

Labarin kyanwa ne ya tsaya mini. Wai wani mutum ya kashe kyanwa a hanya, kafin ta mutu ta ce masa, in ka je gida ka faɗa ka kashe sarkin kyanwoyi. Ya je yana ba matarsa labari yana dariya, sai 'yar kyanwar gidan da ke kwance a bakin murhu ta miƙe ta kama shi a maƙogwaro.

"Shi ya sa," in ji Nora tana nuna Mai Safa da cokali, "ki kula da abin da kike faɗa a gabanta. Tana kai rahoto."

A gidanmu ma ba a dukan kyanwa, balle baƙa. Daga ranar na daina yin ko waƙar goyo in tana kusa.

A watan Janairu ta sayo kwandon wani lemo mai kaushin ɓawo. Na ɗanɗana, ɗaci kamar maɗaci. Ta yi dariya har da hawaye. Ta ce daga Sifen yake zuwa, sati kaɗan a shekara, kuma Larabawa ne suka kai bishiyar can tun da daɗewa. Ana dafa shi da sukari a yi abin shafa wa burodi. Ta ce tana yarinya lemo ɗaya take samu a shekara, ranar Kirsimeti, a cikin safa, ta yi kwana uku tana shinshina shi kafin ta ɓare. Ta ba ni wuƙa in yanka ɓawon. Na yanka shi siriri kamar yadda Inna take yanka kuɓewar shanya.

"Hannunki na likita ne," ta ce. "Wace makaranta kike zuwa da ban taɓa ganinki da safe ba?"

"Na gama. Shekarata sha takwas. Ziyara na zo."

Ta dube ni ta saman tabarau. Ta dubi hannuna. Ta ce, "To," ta ci gaba da juya tukunya.

Amyar Nora ba irin tamu ba ce ta saƙar ciyawa da ake shafe wa kashin shanu. Akwatuna ne na katako guda huɗu a ƙarshen lambu, kusa da wani ɗan ɗakin ajiye kaya, an ɗora wa kowane dutse a kai. Da sanyi ba ka ganin ƙuda ko ɗaya. Ta ce in kara kunne. Na kara, na ji su can ciki suna wani ƙugi a hankali kamar injin niƙa daga unguwa mai nisa. Ta ce sun dunƙule ne suna ɗumama sarauniyarsu. Baba Tsoho sarki yake cewa.

Wata safiya a Fabrairu na same ta da baƙar riga. Yayarta ta rasu a Amurka. Na yi mata gaisuwa da kalmomin da na iya. Ta ɗauki makullin gidan ta ce in biyo ta. Ta je akwatin farko ta ƙwanƙwasa sau uku da makullin, ta sunkuya ta ce, "Ku ji, yayata ta tafi. Ni ina nan, ba abin da zai canza." Ta ɗaura ɗan baƙin ƙyalle a jikin akwatin. Haka ta yi wa duka huɗun.

"Dole a gaya musu," ta ce da muka juyo. "Mutuwa, haihuwa, aure, baƙon da ya zo zama. In ba a faɗa ba su yi fushi, su daina zuma ko su tashi. 'Yan gida ne." Ta share hanci. "Ke ma ban gabatar da ke ba, ga shi har kin yi wata shida. Wata rana ki je ki gaya musu ko ke wace ce. Amma ba a yi musu ƙarya, kuma ba a zagi a gabansu."

Na yi kwanaki ina juya abin. Na tambayi kaina ko haramun ne. Na ga ba roƙonsu zan yi ba, kuma Baba Tsoho da yake limancin unguwarmu yakan yi musu sallama kafin ya hau bishiya. Ranar farko da Hausa na yi, ina tsaye a bayan akwatin inda ba hanyarsu ba. Ban ji sun canza ƙugi ba. Sai na tuna Mai Safa da "mus-mus". Na ce a raina, dabbar ƙasar nan Turanci take ji. In har za a gaya musu, to a gaya musu yadda za su gane.

Ya zame mini darasi. Kullum in Amira ta yi barci a kekenta a bakin kicin, sai in tafi ƙarshen lambu. Ina fara korar Mai Safa tukuna, in tabbatar ta haye shinge. Sannan in ƙwanƙwasa da ɗan yatsa in jera jimlolin da na shirya tun safe. Na gaya musu sunana da na ƙauyenmu. Na gaya musu ni ce ta uku a ajinmu, kuma lissafi na fi so. Na karanta musu sassan fure da na haddace a Ikara don kada in manta. Da Maris ya shigo suka fara fitowa, suna dawowa da garin fure rawaya a ƙafafunsu, na gaya musu sauran.

"Shekarata sha biyar, ba sha takwas ba. Zan cika sha shida a watan Yuni. Ban gama makaranta ba. Wata bakwai ban shiga aji ba. Anti ta ce wa babana ina zuwa. Ni ma haka nake ce masa."

Na juyo ke nan na ga ƙofar ɗan ɗakin ajiyar a buɗe. Nora tana tsaye da tukunyar hayaƙi a hannu. Ban san tun yaushe take ciki ba.

Ba ta yi kamar ba ta ji ba. Ta ajiye tukunyar ta ce, "Yuni kika ce?"

Na sunkuyar da kai.

"A nan dole ne yaro ya je makaranta har ya cika sha shida. Bayan nan ba wanda zai tilasta wa kowa. Kin san haka?"

Ban sani ba. Na tsaya ina lissafin watanni da yatsu a cikin hijabi. Saura uku.

"Don Allah kada ki faɗa," na ce. Ita ce doguwar maganar farko da na yi mata.

"Ba ni kika gaya wa ba," ta ce. "Amma na ji."

Da yamma, Anti ta dawo ta cire takalmi ke nan, aka ƙwanƙwasa. Nora ce, da kwalbar lemon nan da muka dafa. Ba ta tsaya a bakin ƙofa ba. Ta shigo ta ja kujera ta zauna a teburin kicin, ta ce a ba ta shayi. Ni na koma kan matakala da Amira, inda ake jin komai.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce ta san shekaruna. Ta ce ranar Litinin ta sama za ta je makarantar 'yan mata da ke kan tudu, kuma ta fi son su je tare da Anti, amma ko ita kaɗai za ta je. Anti ta fara da cewa ƙarya ne, ta koma cewa al'adarmu daban ce, daga nan muryarta ta karye.

"Wa zai riƙe mini yarinya? Kin san jerin masu jiran gurbi a gidan renon garin nan? In na bar aiki takardun zamanmu sun lalace. In hukuma ta shigo maganar nan su ɗauke mini 'ya fa?"

"Ni zan riƙe ta da safe. Na raini biyar."

"Ke? Ki ba ta naman alade?"

"Rubuta mini abin da ba ta ci in manna a firji. Kyanwata ma akwai abin da ba ta ci."

"Ƙudan zumanki fa?"

"Wata biyar tana barci a bakin kicin ɗina, ko ɗaya bai taɓa ta ba."

Anti ba ta san da wannan ba.

Bayan Nora ta fita, ta kira ni da cikakken sunana. Na sauko.

"Zulaihatu, ni kika tona wa asiri? Ni da na kawo ki? Me na ce ki faɗa?"

"Abin da kika ce na faɗa mata, Anti."

"To wa kika gaya wa?"

"Ƙudan zuma."

Ta dube ni. "Ƙudan me?"

"Na zuma. Na kori kyanwar kafin in fara."

Wata dariya ta kufce mata wadda ba ta daɗi ba, ta zauna ta dafe kai. "Jikar Baba Tsoho," ta ce. "Mutum ya tambaye ki ki yi masa shiru, ki je ki zazzage wa ƙwari. Tashi ki ba ni wuri."

Kwana biyar ba ta yi mini magana ba sai ta abinci. Ranar Juma'a ba a kira gida ba. Ni ma ban je lambu ba. Na ji ta a waya da mijinta sau biyu, ana maganar tikitin komawa, sai ta rufe ƙofa. Na ninke kayana na jera a akwati don kada a ce in yi sauri. Na yi tunanin in na koma Ikara 'yan ajinmu sun wuce ni da shekara guda, kuma sai an tambaye ni abin da na koyo.

Ranar Litinin ta tashe ni ta ce in sa baƙin siket. Ta saka fasfona a jakarta. Muka miƙa wa Nora Amira ta saman shinge, da takarda mai layi goma sha ɗaya da Anti ta rubuta. Nora ta ce za ta bi mu, Anti ta ce a'a, ni 'yarta ce, ita za ta kai ni. Muka fita ta ƙofar gaba ƙarfe tara saura.

A hanya ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "In sun tambayi yaushe kika zo, ki ce watan jiya. Ba lallai su buɗe fasfon ba."

Na ci gaba da tafiya ina kallon hanya.

"Kin ji ni?"

"Na ji, Anti."

Ofishin shugabar makarantar yana warin fenti. Mace ce doguwa mai tabarau a rataye a wuya. Ta ba mu kujeru, ta karɓi fasfon ta ajiye a kan tebur ba ta buɗe ba. Ta tambayi sunana, na faɗa. Ta tambayi darasin da na fi so, na faɗa, ta ce Turancina yana da kyau, a ina na koya. Na ce a Ikara, da kuma wurin maƙwabta. Ta jawo fom ta cire murfin biro.

"Yaushe kika iso ƙasar nan, Zulai?"

Na dubi fasfon. Na dubi hannun Anti a kan jakarta, jijiyoyin sun tashi. Na san amsa biyu, kuma duk wadda na bayar akwai abin da zai lalace. Agogon bango yana ta tafiya. Matar ba ta gaggauta ni ba.

"Ƙarshen Agusta," in ji Anti.

Shugabar ta ɗago kai.

"Ƙarshen Agusta ta zo. Ni na ajiye ta a gida tana riƙe mini yarinya. Ita ba ta da laifi, kullum tana taga tana kallon ɗalibanku." Ban san ta sani ba.

Matar ta rubuta. Ta ce dole ta sanar da jami'ar da ke bin zuwan yara makaranta, kuma za a zo gida a yi tambayoyi. Ta ce tunda da ƙafarta ta kawo ni, hakan zai shiga cikin rahoton. Aka ba ni jarrabawar lissafi da ta Turanci a wani ɗaki. Aka ce zan koma baya da aji ɗaya, in fara bayan hutun Ista.

Da muka fito ana yayyafi. Anti ta buɗe lema, muka shiga mu biyu, kafaɗarta ɗaya a waje. Mun kusa gangarowa daga tudun ta ce, "Yaya fa, ni zan gaya masa. Da bakina. Kada ki riga ni."

"To, Anti."

"Zai yi faɗa."

"Zai yi."

"Ke dai ba kya taya mutum ko da ƙarya," ta ce, ta gyara lemar.

Jami'ar ta zo sau biyu, ta duba ɗakina, ta sha shayi, ba ta ɗauki kowa ba. Baba ya yi wata guda ba ya amsa wayar Anti, sai tawa.

Na shiga aji ranar wata Litinin a Afrilu, da suwaitar jikar Nora wadda hannunta ya yi mini tsawo. Malamar ta karanta sunana ba daidai ba, 'yan ajin suka ɗauka haka yake. Na bar su sati biyu suna kirana da shi. A sati na uku na ɗaga hannu na gyara musu.